Ra'ayi: Yadda araha ke cinye jarin masu sabbin gidajen shayi

Duk wanda ke bin titin Zoo Road ko unguwannin Nassarawa da Bompai a Kano, ko ya zaga wasu sassan Kaduna da Abuja, ya san an samu wani sabon salon sana'a a 'yan shekarun nan. Ƙananan gidajen shan shayi da gahawa ne, masu kujeru goma zuwa ashirin, da fitilu masu kyau da na'urar sanyaya ɗaki, ana sayar da shayi da kek da samosa da shawarma da lemon kayan marmari. Da yawa daga masu su matasa ne, wasu kuma mata ne da suka fara sana'ar daga gida ta Instagram da WhatsApp, har Allah Ya hore musu kama shago.

Ranar buɗewa wuri kan cika maƙil, a yi hotuna, a yi addu'a. Bayan wasu watanni sai ka wuce ka tarar da kwaɗo a ƙofa. Idan ka tambaya, amsar da aka fi bayarwa ita ce babu kasuwa.

A ganina wannan amsa ba ta cika zama gaskiya ba. Akwai shagunan da suka rufe alhali ba su taɓa rasa mutane ba. Abin da ya kayar da su shi ne lambobin da aka rubuta a takardar farashi tun makon farko, ba tare da an zauna an yi lissafi ba. Mai shago ya leƙa farashin maƙwabcinsa, ya rage naira ɗari ko ɗari biyu don ya ja jama'a, daga nan ya shiga cin uwar kuɗinsa yana zaton riba yake ci.

Farashin maƙwabci ba naka ba ne

Kuskuren farko shi ne auna kai da mai shayin bakin titi. Mai shayi gwani ne a sana'arsa, kuma ya fi yawancinmu iya lissafi. Amma jarinsa tebur ne da benci da tukunya da risho ko gawayi. Ba ya biyan hayar miliyan, ba ya kunna janareto don sanyaya ɗaki, yaron da ke taya shi kuma galibi ɗan gida ne. Idan ya sayar da kofi ɗaya da araha ya samu riba, lissafinsa ne ya ba shi haka.

Kai kuma da ka kama shago, ba ruwan zafi da madara kaɗai kake sayarwa ba. Kana sayar da kujera, da sanyi, da wurin cajin waya, da natsuwar da mutum zai zauna awa biyu da kwamfutarsa ko ya gana da abokin harka. Duk waɗannan kuɗi ne ke fita daga aljihunka kafin a samar da su. Idan ba su shiga cikin farashi ba, kyauta kake bayar da su.

Haka kuma kwaikwayon babban gidan abinci ba mafita ba ce. Shi yana sayen fulawa da sukari tirela ko buhuna masu yawa a farashin sari, wataƙila ma ginin nasa ne. Kallon farashin wasu yana da amfani guda ɗaya: ya nuna maka iya abin da mutanen unguwar suka saba biya. Ba zai gaya maka nawa ka kashe ba.

Lissafi na farko: abin da ke cikin kofi

Kafin a rubuta farashin komai, a auna shi. Cokali nawa na madara ke shiga kofi ɗaya? Kofi nawa ake samu a gwangwani guda? Shawarma nawa ke fita daga kilo ɗaya na kaza bayan an cire ƙashi an gasa? Ma'aunin kicin ba shi da tsada, kuma ya fi kowane ado da za ka rataya a bango amfani.

Mu ɗauki misali da lambobi na kwatance kawai, kowa ya sa nasa. A ce a kofi ɗaya na shayi ganye ya ci N50, madara N200, sukari N60, citta da kanumfari da sauran kayan ƙamshi N40, kofin takarda da murfi da cokali N100. Jimilla N450 ke nan. Abubuwan da aka fi mantawa su ne na ƙarshen nan: leda, robar zuba abinci, tsinken sakace, takardar goge hannu, yaji da miyar da ake zubawa a gefe. Ɗaya ɗaya ba komai ba ne, amma a wata su ne kuɗin buhun sukari.

Sai kuma asara. Burodin da ya kwana, madarar da ta lalace saboda an ɗauke wuta, ƙwan da ya fashe a kiret, kek ɗin da aka yanka bai ƙare ba. Wanda ya saya shi ne zai biya kuɗin wanda aka zubar, ko ka so ko ka ƙi, don haka gara ka sa shi cikin lissafi da saninka.

Masu harkar abinci a duniya suna da wata ƙa'ida da suka daɗe suna aiki da ita, cewa kuɗin kayan haɗi kada ya wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na farashin sayarwa. Bisa wannan, shayin da ya ci N450 zai kama N1,350. Ƙa'idar ba wahayi ba ce, kuma ba kowace unguwa za ta ɗauki wannan farashi ba. Amma tana tuna wa mutum abu muhimmi: ragowar kashi biyun ba riba ba ce, a cikinsu ne haya da albashi da wuta suke.

Lissafi na biyu: kuɗin buɗe ƙofa

Wannan shi ne lissafin da aka fi gudu, saboda yana tayar da hankali. Akwai kuɗin da za su fita ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Mu ci gaba da misalinmu. A ce hayar shago N1,200,000 ce a shekara, wato N100,000 a wata. Ma'aikata biyu N140,000. Kuɗin wuta da man janareto N120,000. Iskar gas N50,000. Ruwa da kwasar shara da data da ƙananan gyare-gyare da kuɗaɗen hukuma N40,000. Albashin mai shagon kansa N150,000. An tashi N600,000 a wata, wato N20,000 kowace rana.

Idan mutum 40 ke shigowa a rana, dole kowannensu ya bar maka N500 a kan kuɗin kayan da ya ci, kafin a ce ka mayar da abin da ka kashe. Idan ka sayar da shayin nan na N450 a kan N700 don ka burge jama'a, N250 ke rage maka. Sai ka sayar da kofi 80 a rana kafin ka biya kuɗin buɗe ƙofa, ba a ma zo maganar riba ba. Shago mai kujera goma sha biyu, inda mutum ɗaya kan zauna awa guda a kan kofi ɗaya, ta ina zai sayar da kofi 80?

Na san wasu za su ce me ya kawo albashin mai shago cikin lissafi, ai shagon nasa ne. Wannan tunani ne ke sa mutum ya yi shekara yana fitowa tun asuba yana komawa tsakar dare, ƙarshe ya gane da aikin albashi ya kama da ya fi samu. Wanda bai yanka wa kansa albashi ba, aljihun tebur zai riƙa buɗewa yana ɗiba don cefanen gida da kuɗin makaranta, kuma ba zai taɓa sanin ko shagon na tafiya ko yana nitsewa ba.

A sa a lissafi kuma cewa firji da injin markaɗe da janareto da baturan sola duk suna tsufa. Ranar da ɗaya ya mutu, ba za a jira ba. Ko N10,000 ne a riƙa warewa duk wata saboda wannan rana.

Farashin jiya ba ya sayen kayan gobe

A ƙasar da farashi ke zaune wuri ɗaya, mutum zai iya buga takardar farashi ya manta da ita shekara guda. Najeriya ba ta cikin waɗannan ƙasashe.

Tun daga 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur da ake saye ƙasa da N200 ta yi ta hawa har ta haura N1,000 a ƙarshen 2024, kafin ta ɗan sauko. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da ke kusan N460 a farashin hukuma ta wuce N1,500 a farkon 2024. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ninka kuɗin wutar masu rukunin Band A fiye da sau uku, zuwa N225 kan kowane yunit, kafin a ɗan rage. Hukumar ƙididdiga ta NBS ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. A Yulin 2024 kuma aka mayar da mafi ƙarancin albashi N70,000. Dokar ba ta hau kan wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, amma yaron shagonka da wannan adadi zai auna abin da kake ba shi.

Gidan shayi na cikin sana'o'in da wannan guguwa ta fi bugawa, saboda kusan duk abin da ke kan teburinsa yana da alaƙa da dala. Mafi yawan alkamar da ake yin fulawa da ita daga waje ake shigo da ita. Garin madara haka. Sukarin da kamfanonin Dangote da BUA ke tacewa, mafi yawan ɗanyensa daga waje yake zuwa, musamman Brazil. Ganyen shayi ne ma muke nomawa a tsaunin Mambilla na jihar Taraba, shi ma bai wadatar da ƙasa ba.

Darasin a nan shi ne a yi lissafi da farashin da za a sayo kaya gobe, ba wanda aka sayo su jiya ba. Idan ka sayi buhun sukari N60,000 a kasuwar Singa, yau kuma ya koma N75,000, to sukarin da ke cikin shagonka na N75,000 ne. Idan ka ci gaba da sayarwa a tsohon lissafi, ranar da buhun ya ƙare kuɗin hannunka ba za su sayi wani ba. Tsofaffin 'yan kasuwar Kantin Kwari da Singa sun san wannan tun kafin a haife mu, shi ya sa kafin su sallama kaya sai sun ji yadda kasuwa ta kwana.

Gaskiya ne hatsi kan sauko lokacin kaka, tumatir da tattasai kan yi araha da rani idan kayan Kadawa da Kura suka shigo 'Yankaba, su yi tsada da farkon damina. Amma haya da albashi ba sa komawa baya. Don haka a yi lissafi da matsakaicin farashin shekara, kada a ɗora shi a kan watan da kaya suka fi araha.

Kunya da 'yan uwa

Akwai wani kuɗin da ba ya fitowa a littafin koyon kasuwanci, amma kowane ɗan Arewa ya san shi. Abokai za su zo taya murna su ci su sha su tashi. Ɗan uwa zai ce a rubuta. Wani zai ce haba, ni ma sai na biya? Mai shago kuma kunya ta hana shi magana.

Ba ina cewa a daina alheri ba. Kyauta da gyara suna cikin al'adar cinikinmu, kuma suna jawo albarka da kwastoma. Abin da nake cewa shi ne a san adadinsu. Ka ware abin da za ka iya bayarwa a wata, ka rubuta shi kamar yadda kake rubuta kuɗin gas. Idan baƙo naka ne, ka zaro kuɗi daga aljihunka ka biya a gaban ma'aikatanka. Ranar da suka ga mai gida na biya, ba wanda zai ƙara ɗaukar lemo a firji ya ba abokinsa.

Rubuta farashi a fili ma yana rage wannan matsala. Allo a bango ko takarda a kan tebur suna ɗauke wa yaron shago nauyin jayayya, suna kuma hana mummunar ɗabi'ar nan ta kallon motar mutum ko shaddarsa kafin a faɗa masa farashi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta buƙaci a bayyana farashin kaya, kuma kada a karɓi fiye da abin da aka rubuta.

To, idan mutane ba za su iya biya ba fa?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu sassauta farashi ke kawowa, kuma ba a raina ta. Aljihun jama'a ya yi rauni. Wanda ke ɗaukar N70,000 a wata ba zai sha shayin N1,300 kullum ba.

Amma a duba abin da ragi ke yi wa lissafi. Abin da ya ci N450 kana sayar da shi N1,000, N550 ke rage maka. Ka yi ragin kashi 20 ya koma N800, saura N350. Abin da kofi 100 ke kawo maka a da, yanzu sai ka sayar da 158 kafin ka same shi, ga ƙarin aiki, ga ƙarin gas, ga ƙarin wanke-wanke. Kuma wanda araha ta kawo, araha ce za ta ɗauke shi ranar da wani ya buɗe a gaba da kai. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Akwai hanyoyin da suka fi wannan. Na farko, a yi girma biyu ko uku: ƙaramin kofi da babba, rabin faranti da cikakke, kowanne da farashinsa na gaskiya. Na biyu, a samu abu ɗaya ko biyu masu sauƙin kuɗi da kowa zai iya saye, irin su baƙin shayi mai kayan ƙamshi ko zoɓo, waɗanda kayan haɗinsu na gida ne kuma ba su da tsada. Na uku, a haɗa abubuwa, kamar shayi da samosa biyu a farashi ɗaya, ta yadda mai riba da yawa zai ɗauki nauyin mai riba kaɗan. Na huɗu, a rage yawan abubuwan da ake sayarwa. Shago mai abu 40 a takarda yana tara kayan da ke lalacewa. Mai abu 12 da ya iya su da kyau ya fi shi kwanciyar hankali.

Tun a 1982 wasu malamai biyu na Jami'ar Jihar Michigan a Amurka, Michael Kasavana da Donald Smith, suka fitar da wata hanya mai sauƙi ta tantance jerin abinci. A duba kowane abu ta fuska biyu: yawan sayensa da kuma nairar da yake bari bayan an cire kuɗin kayansa. Wanda ake saye sosai kuma yake barin kuɗi, a riƙe shi da kyau a sa shi inda ido zai fara gani. Wanda ake saye sosai amma ribarsa kaɗan, a ɗan ƙara masa kuɗi a hankali. Wanda ke da riba amma ba a saye, a tallata shi. Wanda ba a saye kuma ba riba, a cire shi. Littafi da biro sun isa yin wannan aiki duk ƙarshen wata.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne a bar farashi yadda yake a koma ana rage kaya a ɓoye, a tsinka madara, a rage nama a shawarma, a canza mai zuwa maras kyau. Wannan tauye mudu ne ko da an canza masa suna, kuma harshen kwastoma ya fi idonsa saurin ganewa. Mutum zai yafe maka ƙarin naira ɗari idan ka gaya masa gaskiya, amma da wuya ya dawo idan ya ji an yaudare shi.

Idan kuma an yi duk lissafin nan aka ga unguwar ba za ta ɗauki farashin da zai riƙe shagon ba, to lissafin ya yi aikinsa. Ya nuna cewa hayar ta yi yawa, ko wurin bai dace ba, ko a fara da ƙaramin kanti na saye a tafi da shi. Gara a gane haka a takarda kafin a biya hayar shekara biyu.

Shekara ba wata ɗaya ba ce

Cinikin shayi yana da lokaci. Da hunturu kasuwarsa ke ci, da bazara kuma mutane kunun aya da zoɓo da fura mai sanyi suke nema, a daidai lokacin da firji da na'urar sanyaya ɗaki ke shan wuta fiye da kullum. A watan azumi shago kan wuni a rufe, ciniki ya koma daga shan ruwa zuwa dare. Wanda ya dogara da ɗaliban jami'a kuma yana da hutu a gabansa, kuma masu shaguna a kewayen Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello ba su manta da yajin aikin ASUU na 2022 ba, wanda ya ɗauki wata takwas. Farashin watannin ciniki dole ya ɗauki nauyin watannin shiru.

Saura ƙananan abubuwa da ke da tasiri. Salon nan na rubuta N999 da ake gani a ƙasashen waje ba shi da amfani inda babu kwabbai kuma canji ke wahala; a tsaya a kan ɗari ɗari ko hamsin hamsin. A lissafa ɗan abin da ake cira a na'urar POS. Idan ana aika abinci gida, kuɗin mai kai saƙo da na roba su fito a fili. Kada a kashe kuɗi mai yawa wajen buga takardar farashi mai ƙyalli da za a ji ƙyashin canzawa. Allo da alli ko takarda mai sauƙi sun fi dacewa da wannan zamani. A riƙa duba lissafi duk wata, idan ƙari ya zama dole a yi shi kaɗan kaɗan, a kan wasu abubuwa, tare da sanar da kwastoma. Ƙarin N100 sau biyu a shekara ya fi sauƙin haɗiya a kan ƙarin N500 rana ɗaya.

Muna buƙatar waɗannan ƙananan wurare su rayu. Kowane ɗaya yana ɗaukar matasa biyu ko uku aiki, yana sayen ƙwai da madara da burodi a hannun wasu, yana kuma ba matasa wurin zama mai mutunci. Shagon da ya yi araha wata shida ya rufe bai taimaki kowa ba: ma'aikata sun koma zaman banza, jarin da aka tara ko aka ranto ya tafi, kwastoma kuma ya koma inda ya fito. Wanda ya sa farashin da zai riƙe shi shekara goma shi ne ya yi wa unguwa hidima.

Don haka mai shirin buɗe gidan shayi, kafin ka kira mai fenti ko mai ɗaukar hoto, ka nemi ma'auni da littafi, ka zauna ka fitar da lambobi biyu: nawa kowane kofi ya ci, kuma nawa ne kuɗin buɗe ƙofarka a rana. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.